Turanci Ba Daga Latin Ya Fito Ba

An daɗe ana cewa Latin, harshen Rumawan dā, ne ya haifi Turanci. Masu faɗin haka suna da uzuri, don kalmomin Latin sun yi masa yawa.

Amma Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne. Ƙabilun Angul, Sakson da Jut ne suka ƙetaro da shi Birtaniya daga arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5. Da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, sai Faransanci, wanda shi ne ya fito daga Latin, ya zama harshen fada da kotu, talakawa kuwa suka ci gaba da Turancinsu suna aron dubban kalmomi, kamar yadda Hausa ta ara daga Larabci.

Mai son tabbatarwa ya ɗauki ƙamus mai nuna asalin kalmomi, ya duba ƙirga da sunayen gaɓoɓin jiki, ya gwada da na Jamusanci.

Don Allah a tura wa ɗalibai da malamai.