Mene ne "taron ƙara wa juna sani", kuma me ɗalibin harshe yake samu a cikinsa?

Ranar Lahadin da ta wuce na je gaishe da yayana a Agege, na tarar ana ja-in-ja tsakaninsa da 'yarsa. Yarinyar tana shekarar ƙarshe a jami'a, kimiyyar harshe take karantawa, ta ce tana neman kuɗin mota da na rajista, za ta je taron ƙara wa juna sani ta gabatar da maƙala. Shi kuwa Yaya, mutumin da ya tsufa yana sauke albasa a kasuwar Mile 12, tambaya ɗaya ya yi: "To, in kin je nawa za su ba ki?" Ta ce, "Baba, ai ni ce zan biya." Ya juyo ya dube ni. "Ka ji fa. Ita za ta yi musu magana, kuma ita za ta biya su. Wannan wane irin ciniki ne?"

Ban ga laifinsa ba, don sunan ya sha jiki a bakin mutane. Duk taron da aka kama zauren otal a Ikeja, aka raba ruwan roba da shinkafa, aka miƙa wa kowa ambulan a ƙarshe, da yamma sai ka ji a rediyo an ce taron ƙara wa juna sani aka yi. Wanda ya saba da irin wannan dole ya tambayi nawa ake bayarwa.

Nauyin sunan yana kan kalmar "juna". A lacca mutum ɗaya ke magana, saura su saurara. A taron bita akwai mai koyarwa da masu koyo, an san wanda ya iya da wanda ya zo a nuna masa. Muhawara kuwa neman kayar da abokin magana ake yi. A taron ƙara wa juna sani na gaskiya, wanda ya tsaya ya yi bayani da safe shi ne zai zauna a kujera da rana ya ɗaga hannu ya yi tambaya, kuma ɗalibin digiri na biyu yana da damar ya ce wa farfesa, cikin ladabi, misalin da ya kawo ba haka ake faɗarsa a garinsu ba. In an cire wannan musayar, abin da ya rage biki ne.

Tunda maganar harshe ake yi, bari in ɗan ratse. Yawancin masu rubuta sunan suna haɗe "ƙara" da "wa" su rubuta "ƙarawa", alhali kalmomi biyu ne. Basakkwace ma "ƙara ma juna sani" zai ce, ka ga ashe "wa" ɗin zaman kanta take. In kuma aka yar da lanƙwasar ƙ, sai a samu "karawa", wato fafatawa irin ta 'yan dambe. Wanda ya taɓa zama a zauren da ake gardama kan karin sautin Hausa, wato hawa da saukar murya a furuci, zai ce kuskuren bai yi nisa da gaskiya ba.

A tsakanin masana, taron yana farawa ne watanni kafin ranar haɗuwa. Ƙungiya ko sashen jami'a zai fitar da sanarwa da jigon taro, ya ce mai sha'awa ya aiko da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin bincikensa, galibi bai wuce shafi guda ba. A tarukan da ake ji da su, ana cire sunan marubuci kafin a ba masu tantancewa, don kada girman suna ko ƙanƙantarsa ya yi tasiri. Wanda aka karɓi nasa sai ya biya kuɗin rajista, da shi ake kama wuri da buga takardu da ciyar da mahalarta. Wannan ce amsar tambayar Yaya. Ranar farko akan yi bikin buɗewa da babbar maƙala daga wani gogagge, daga nan a rarrabu zauruka bisa fanni: masu tsarin sauti nan, masu ginin jimla can, masu walwalar harshe, wato yadda harshe ke rayuwa a cikin al'umma, su ma da nasu ɗakin. Kowa minti 15 ko 20 yake samu, sai 'yan mintoci na tambayoyi, shugaban zama yana duban agogo.

Waɗannan 'yan mintocin tambayoyi su ne ribar tafiyar. Mutum ya yi wata shida yana aiki shi kaɗai har ya yarda da kansa, sai wani da bai taɓa gani ba ya ce masa an riga an yi wannan a kan Hausar Gana tun shekarun baya, ko kuma mutum biyar da ya yi hira da su duk 'yan gida ɗaya ne, ba za su wakilci unguwa ba. Da zafi, amma gara a faɗa maka a nan da a dawo maka da maƙalar daga mujalla. Daga taro ake komawa a gyara, sannan a aika wa mujalla ko a sa a kundin taro. Masu haɗa harshe da kwamfuta su nasu tsarin ya bambanta: cikakkiyar maƙala ake aikawa tun farko, in ta tsallake tantancewa, fitowarta a kundin taron shi kansa wallafa ce mai daraja.

Mai ganin duk wannan surutun 'yan boko ne ya dubi rubutun da yake karantawa yanzu. A 1966 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tara masana a Bamako don daidaita yadda za a riƙa rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa da Fulatanci da Barbarci. A 1980 aka sake zama a Yamai don kusanto da rubutun Hausar Nijar da ta Najeriya. Su kansu kalmomin da 'yar yayana take yi wa babanta burga da su, irin su "tsarin sauti" da "ginin jimla", ba daga sama suka faɗo ba. Malaman Hausa ne suka yi ta zama suna tayar da jijiyar wuya kan wadda ta dace, har aka tattara keɓaɓɓun kalmomin a ƙamus guda a 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa da Hausa zalla a Kano ko Zariya ko Sakkwato yana cin gajiyar waɗancan gardandamin ko bai sani ba.

Tarukan suna da matakai. Akwai na sashe, inda ɗalibi ke gabatar da shirin bincikensa gaban malamansa. Akwai na shekara-shekara na Ƙungiyar Masana Harshe ta Najeriya, wanda ke zagaya jami'o'i. Akwai na Ƙungiyar Masana Harshe ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1965. A Amurka ana yin taron shekara kan harsunan Afirka tun 1970, sannan akwai babban taron duniya na nazarin harsunan Afirka da aka fara a 1994 a Suwazilan. Legas ma ba baƙuwa ba ce a harkar: lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, ban da kaɗe-kaɗe da raye-raye, an yi zaman masana a babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu, kuma batun harsunan Afirka yana cikin abin da aka tattauna. Malaman manyan makarantun gwamnati suna iya neman tallafin halartar taro daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Ɗalibi kuwa yawanci aljihun iyaye ne, ko da yake wasu tarukan suna yi wa ɗalibai rangwame, wasu kuma tun bayan korona suna barin mutum ya gabatar daga gida ta intanet.

Akwai na bogi, kuma sun yi yawa. Saƙo zai shigo yana kiran ka "babban masani" alhali ko digirin farko ba ka gama ba, jigon taron ya haɗa aikin injiniya da kiwon kaji da nahawu, ka aika tsakure yau gobe a ce an karɓa, sai a biyo da lambar asusu da kuɗi a dala. Taron da bai taɓa mayar wa kowa da tsakurensa ba shago ne na sayar da takardar shaida.

To, ina aikin yi? Babu wanda ake ba takardar kama aiki a bakin zaure. Abin da ake samu shi ne a san ka. Mai son koyarwa a jami'a ko kwalejin ilimi ba zai yi gaba ba sai da digiri mai zurfi da wallafe-wallafe, kuma a irin waɗannan taruka ake haɗuwa da wanda zai duba kundin mutum, ko a ji labarin gurbin karatu tun kafin a manna shi a allo. Amma kujerun jami'a kaɗan ne, kuma yaudara ce a ce wa kowane ɗalibi zai zama lakcara. Sauran ƙofofin sun fi yawa, da dama daga cikinsu kuma a nan Legas suke. Sashen Hausa na Rediyon Faransa, RFI, wanda ya fara aiki a 2007, a Legas aka kafa shi. Kamfanonin talla da na waya da bankuna suna son saƙonsu ya isa Arewa da Hausar da ba za a yi mata dariya ba. Tsarin mulkin ƙasa ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a samo masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu, kuma kowa ya san yawan 'yan'uwanmu masu acaba da dako da ke tsintar kansu gaban alƙali ba su jin ko "zo" da Turanci.

Sabuwar ƙofa ita ce ta fasaha. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013. Daga baya matasan Afirka suka kafa ƙungiyar Masakhane a 2019, 'yan gida kuma suka kafa HausaNLP, suna tara rubutu da muryoyi don na'ura ta koyi harsunanmu. Injiniya ya iya gina manhaja, amma bai san cewa "gari" na zama da "gari" na tuwo a rubuce ɗaya suke, a baki kuwa tsawon wasali ya raba su ba. Nan ake neman mai ilimin harshe. Sai dai shawarata ga ɗalibi ita ce kada ya tsaya ga digirin kaɗai. Wanda ya haɗa da iya ƙa'idar rubutu sosai da ɗan sanin sarrafa bayanai a kwamfuta shi ake kira. Aikin ma sau da yawa na kwangila ne, yau akwai gobe babu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a maƙalar 'yar yayana shi ne ba ta je nesa neman batu ba. Ta rubuta ne kan Hausar 'yan kasuwa a Legas. An yi rubuce-rubuce masu yawa kan Kananci da Sakkwatanci, amma yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, wanda zai fara jimla da Hausa, ya ratsa ta Yarbanci, ya ƙarasa da Turancin Buroka, shi ma yana da ƙa'idar da yake bi ko da bai san sunanta ba: inda yake sauya harshe, da wanda yake sauya wa, da inda ba ya taɓa sauyawa, kamar gaban liman. Cuɗanyar kuma tsohuwa ce. Mun aro "ashana" da "akawu" daga Yarbawa, su kuma bakinsu ya saba da "wahala" da "alubosa". Farfesan da ke zaune a Kano sai ya yi tafiyar kwana guda a mota kafin ya ji abin da ita take ji ta taga kowace safiya. Ka ga in ta shiga zauren nan ba hannu rabbana ta je ba.

Da ta karanta wa babanta misalanta, ya tsayar da ita a kan "jara". Ya ce wannan ai "gyara" ce tamu, ƙarin da ake yi wa mai saye bayan an gama awo, bakin mutanen nan ne ya lanƙwasa ta, kuma shi tun zuwansa garin yake jin ta. Ya ƙara mata da wasu kalmomi uku na wajen sauke kaya da ba ta taɓa ji ba, tana rubutawa yana gyara mata furuci. Ya tambaya ko za a faɗi sunansa a wajen taron, ta ce sai in ya yarda. Ya ce zai yi shawara.

Kuɗin mota dai ya bayar. Na rajista kuwa ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga Baffanki nan, tunda shi ya fahimci cinikin."