Nyerere Ɗan Sarki Ne, Amma Zanaki Ba Masarauta Ba Ce

An daɗe ana maimaita cewa Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, ɗan sarki ne, kuma duk Bahaushen da ya ji haka yakan kawo a ransa wata babbar masarauta mai fada da hakimai da gadon sarauta tun kaka da kakanni. Lamarin ba haka yake ba. Ƙabilarsa ta Zanaki, wadda ke zaune a yankin Mara, gabas da Tafkin Victoria, tana cikin ƙananan ƙabilun ƙasar da adadinsu ya haura 120, kuma ba ta kusa da Sukuma, ƙabila mafi girma a ƙasar, wajen yawan jama'a.

Kafin zuwan Turawa, Zanaki ba su da sarki guda da kowa ke yi wa mubaya'a. Dattawan dangi da tsarin rukunin tsararraki ne ke sasanta rigingimu da tafiyar da al'amuran manoma da makiyaya, yayin da masu roƙon ruwan sama ke da girma na musamman. Jamusawa ne suka naɗa sarakuna domin sauƙaƙa mulkinsu, kuma ta wannan hanyar Nyerere Burito, mahaifin shugaban, ya samu sarautar Butiama, inda aka haifi ɗansa a 1922. A ganina, kiran wannan tsari da sunan masarauta tauye gadon Zanaki ne, domin yana ɓoye yadda suka iya mulkin kansu ta hanyar shawara.

Harshen Julius Nyerere na gida ma Kizanaki ne, daga dangin harsunan Bantu, ba Swahili ba. A Butiama aka binne shi a 1999.