Sudoku mai ƙarin sharuɗɗa

Sudoku mai ƙarin sharuɗɗa wasa ne na wasa ƙwaƙwalwa da aka gina a kan sudoku na yau da kullum, sannan aka ɗora masa wata doka ko dokoki na daban. Tushen yana nan yadda yake: allo mai gurabe 81, layuka tara a kwance, tara a tsaye, da akwatuna tara masu gurabe tara-tara, kuma dole lambobi 1 zuwa 9 su fito sau ɗai-ɗai a kowane layi da kowane akwati. Bambancin yana wajen alamun da ake ba mai warwarewa. A sudoku na asali lambobin da aka riga aka rubuta ne ke yi masa jagora. A wannan kuwa layuka, ɗigogi, kibiyoyi da kejina ne ke ɗaukar nauyin, har akwai wasannin da ake bayarwa babu lamba ko ɗaya a cikin allon.

Asali

An fara buga sudoku a siffarsa ta yanzu a Amurka a 1979, a wata mujallar kamfanin Dell, kuma ana danganta ƙirƙirarsa ga Howard Garns, wani mai zanen gine-gine da ya yi ritaya. Kamfanin Nikoli ya kai shi Japan a 1984. Bai game duniya ba sai bayan da Wayne Gould, tsohon alƙali a Hong Kong, ya shawo kan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a watan Nuwamba na 2004. A 2005 jaridar ta fito da nau'in keji da sunan Killer, wanda dama an san shi a Japan. Gasar duniya ta farko an yi ta a Lucca ta ƙasar Italiya a 2006, inda Jana Tylová ta Jamhuriyar Czech ta yi nasara, kuma har yau wasanni masu ƙarin sharuɗɗa ne ke ɗaukar kaso mai yawa na gasar.

A 2012 Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin suka tabbatar, da taimakon kwamfuta, cewa sudoku na asali ba zai samu amsa ɗaya tak ba idan lambobin da aka bayar ba su kai 17 ba. Wannan iyaka ba ta hau kan masu ƙarin sharuɗɗa ba, domin kowane sabon sharaɗi yana rage yawan allunan da za su iya zama amsa.

Sharuɗɗan da aka fi amfani da su

Keji rukunin gurabe ne da aka zagaye da tsinken layi, aka rubuta jimillarsu a kusurwa, kuma lamba ba ta maimaituwa a cikinsa. Keji mai gurabe biyu da jimilla 3 ba shi da mafita sai 1 da 2. Mai 17 sai 8 da 9. Mai gurabe uku da 24 sai 7, 8 da 9. Amma babban makamin shi ne 45, wato jimillar 1 zuwa 9, wadda kowane layi da kowane akwati ke ɗauke da ita. Idan kejina sun rufe gurabe takwas na akwati ba su tsallaka waje ba, jimillarsu kuma ta kama 38, to gurbin da ya rage 7 ne, ko da ba a san ko lamba ɗaya ta cikin kejinan ba.

A ma'aunin zafi, wato layi mai kumburarren gindi da ake zanawa a kan gurabe, lambobi na ƙaruwa ne daga gindinsa zuwa bakinsa, don haka mai gurabe bakwai ba zai fara da abin da ya wuce 3 ba. A kibiya, lambobin da ke jikinta su ne ke haɗuwa su ba da lambar da ke cikin da'irarta. Ɗigogin Kropki, waɗanda ake sawa tsakanin gurabe biyu maƙwabta, iri biyu ne: fari yana nufin lambobin biyu suna bin juna, baƙi yana nufin ɗaya ta ninka ɗaya. Daga nan ake gane cewa 5, 7 da 9 ba sa taɓa zama kusa da baƙin ɗigo, kuma gurabe uku da baƙaƙen ɗigogi suka sarƙe a layi ɗaya ko dai 1, 2, 4 ne ko 2, 4, 8. Wani lokaci akan ce an nuna duk ɗigogin da ke akwai. A nan rashin ɗigo ma bayani ne, kuma sababbin shiga sun fi mantawa da shi.

Akwai layin da ake kira German Whispers, inda dole tazarar maƙwabta biyu ta kai 5 ko fiye. Doka ce gajeriya, amma abin da ke cikinta da yawa: 5 ba ta hawa layin ko kaɗan, ƙananan lambobi da manya suna karɓa-karɓa, 4 ba ta da maƙwabciya sai 9, 6 kuma sai 1. Wasu sharuɗɗan ba a zana su, sun shafi allon gaba ɗaya ne, kamar waɗanda aka aro daga darar ces. A dokar doki, lamba ba ta maimaituwa a gurbin da ke taku biyu a miƙe da taku ɗaya a gefe. A dokar sarki kuma lambobi iri ɗaya ba sa taɓa juna ko ta kusurwa.

Yadda ake warwarewa

Gwanaye ba sa fara da cika gurabe da duk lambobin da za su iya shiga, domin allon kan cunkushe har ido ya daina ganin hanya. Sukan nemi wurin da sharuɗɗa suka fi matse juna: keji mai ƙaramar jimilla da ya haɗu da doguwar kibiya, ko ma'aunin zafi biyu a akwati ɗaya. Salon rubuta 'yar ƙaramar lamba a kusurwa sai idan wurare biyu kawai suka rage mata a akwati ana jingina shi ga Thomas Snyder na Amurka, wanda ya ci gasar duniya a 2007, 2008 da 2011. Ana kuma shafa wa gurabe launi, a raba manya da ƙanana, ko a bi sawun lambar da ba a san ta ba tukuna amma an san inda take sake fitowa.

Mafi ƙayatarwa a dabarun shi ne zoben Phistomefel, wanda ya samo sunansa daga laƙabin wani mai tsara wasanni ɗan Jamus. A kowane sudoku, gurabe 16 da suka kewaye akwatin tsakiya suna ɗauke da lambobi daidai da na murabba'ai huɗu masu gurabe huɗu-huɗu da ke kusurwoyin allon. Hujjar ba ta da wuya. A ɗauki layin kwance na 3 da na 7, da akwatin hagu da na dama na tsakiya. Wannan cikakken jerin 1 zuwa 9 ne sau huɗu. A ɗauki layukan tsaye na 1, 2, 8 da 9. Su ma sau huɗu ne. Idan aka cire guraben da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai, zoben ne ke saura a ɗaya, kusurwoyin a ɗayan.

Yadda ake tsarawa

Kwamfuta za ta iya fitar da sudoku na asali dubbai cikin ƙiftawar ido, amma wasannin da masu sha'awa ke girmamawa da hannu ake gina su. Mai tsarawa ba ya fara da cikakken allo yana goge lambobi. Yakan fara ne da allo fayau da tunani ɗaya da yake son mai warwarewa ya gano, misali yadda kibiyoyi biyu za su tilasta wa 9 zama a gurbi guda. Wannan ita ce ƙofar shiga. Sai ya zana alamar farko, ya zauna a matsayin mai warwarewa ya fitar da duk abin da ta haifar, sannan ya ƙara ta biyu daidai inda hanya ta tsaya. Haka zai yi ta yi har allon ya cika.

Sharaɗi na farko shi ne amsa ta zama ɗaya tak. Abin da ya fi ɓata wannan shi ne gurabe huɗu a layukan kwance biyu, na tsaye biyu da akwatuna biyu, masu ɗauke da lambobi biyu da za a iya musanya su ba tare da an karya doka ba. Sai an sa wata alama ta raba gardamar. Manhajoji irin su f-puzzles suna duba wannan, ana kuma buga wasannin a manhajar Penpa+ ko ta SudokuPad. Sai dai kwamfuta iyakarta ta ce amsa ɗaya ce. Ba ta san ko ɗan Adam zai kai gare ta da hujja ko sai ya yi canki-canka ba, kuma wasan da ba ya warwaruwa sai da canki bai cika ba, komai kyan zanensa. Shi ya sa ake ba wasu su gwada kafin a fitar. Su ne ke gano gajeriyar hanyar da ta kauce wa ƙofar shiga, ko alamar da aka sa amma ba ta aikin komai, wadda cire ta ya fi.

Misalin da aka fi ambata wajen nuna ƙarfin sharaɗi shi ne Miracle Sudoku na Mitchell Lee, wanda Simon Anthony ya warware a tashar YouTube ta Cracking the Cryptic a watan Mayu na 2020. Lambobi biyu kacal aka bayar, 1 da 2, tare da dokar doki, dokar sarki, da hana lambobi masu bin juna zama gefe da gefe. Duk da haka kowane mataki da hujjarsa. Tashar, wadda Anthony da Mark Goodliffe suka buɗe a 2017, ta jawo dubban mutane cikin harkar a lokacin kullen korona, kuma da yawa daga wasannin da take nunawa daga shafin Logic Masters na Jamus suke fitowa, inda masu tsarawa ke ɗora ayyukansu, waɗanda suka warware kuma su ba su maki kan wahala da kyau.