Magungunan Gida na Rage Wahalar Mura

Mura cuta ce da ke kama hanci da maƙogwaro, kuma ƙwayoyin cuta na bairos ne ke haddasa ta. Waɗannan ƙwayoyi sun haura iri 200, amma dangin rainobairos sun fi kowanne yawa, kuma a shekarar 1956 aka fara ware ɗaya daga cikinsu a Amurka. Babba yakan yi mura sau biyu ko uku a shekara, ƙaramin yaro kuwa sau shida zuwa takwas. Takan zo da atishawa, yoyon hanci ko toshewarsa, ƙaiƙayin maƙogwaro da tari, wani lokaci har da ciwon kai da ɗan zazzaɓi. Tana yin tsanani a kwana na biyu ko na uku, ta lafa cikin kwana bakwai zuwa goma, sai dai tarin yakan ja ƙafa har mako uku.

Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar mura, na asibiti ko na gida. Jiki ne da kansa yake korar ta. Aikin magungunan gida shi ne su sassauta tari, su buɗe hanci, su bar mai mura ya samu barci kafin garkuwar jikinsa ta gama aikinta. Maganin antibayotik da mutane ke saye a kemis ba ya taɓa bairos ko kaɗan, bakteriya yake kashewa, kuma shansa ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

A ƙasar Hausa mura tafi yawa da hunturu, lokacin da busasshiyar iska da ƙura ke busar da fatar cikin hanci, mutane kuma suna cunkusuwa a ɗaki a rufe ƙofa da taga. Maganar da ake yi cewa sanyi ne ke kawo mura tana da ɗan tushe: binciken da aka yi a Jami'ar Yale a 2015 ya nuna rainobairos ya fi hayayyafa idan cikin hanci ya yi sanyi. Amma in babu ƙwayar, sanyi kaɗai ba ya haifar da ita. Daga mutum take zuwa mutum, ta atishawa da tari da hannun da ba a wanke ba.

Zuma

Cikin duk abin da ake ba mai mura a gida, zuma ce ta fi samun goyon bayan bincike. Musulmi sun daɗe da riƙo da ita saboda aya ta 69 ta Suratun Nahli, wadda ta ce a cikinta akwai waraka ga mutane, likitocin zamani kuma sun gwada ta a kan tari. A 2007 wani gwaji a jihar Pensilbaniya ta Amurka ya nuna yaran da aka ba zuma kafin kwanciya sun fi waɗanda ba a ba komai ba samun sauƙin tarin dare. A 2018 wasu masu bincike 'yan Najeriya suka tattara gwaje-gwaje shida da suka shafi yara 899 a ƙarƙashin cibiyar Cochrane, mai tattarawa da tantance sakamakon binciken lafiya, suka ga zuma ta fi rashin magani amfani, kuma ba ta yi nisa da wani sanannen maganin tari na kwalba ba. Kaurinta yana shafe maƙogwaro, zaƙinta kuma yana kawo yawu, sai ƙaiƙayin da ke tayar da tari ya ragu. Rabin ƙaramin cokali zuwa cikakke ya ishi yaro, a lasa ko a dama a ruwan ɗumi.

Akwai gargaɗi mai nauyi a nan. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo. Tana iya ɗauke da ƙwayar irin wata bakteriya da ke tsiro a hanjin jariri ta fitar da guba mai kashe ƙarfin jijiyoyi, har yaro ya kasa tsotso, kukansa ya yi rauni, numfashi ya gagare shi. Tafasa zumar ba ta kashe wannan iri. Wannan ya shafi gidajen da ake lasa wa jariri zuma ranar haihuwa ko a ba shi ita don tari. Nonon uwa shi ne abin da ya dace da jariri mai mura, a ƙara yawan shayar da shi.

Abin sha mai ɗumi da kayan yaji

Shayin citta da kanumfari da lemon tsami, ko kunun tsamiya mai zafi, ko farfesun kaza da ya ji masoro da kimba, su ne abin da uwar gida ke fara kawowa. Citta kam ba ta da wuyar samu, domin kudancin Kaduna, wajen Kachia da Kafanchan, na cikin manyan wuraren nomanta a Afirka. Cibiyar nazarin mura ta Jami'ar Kadif a Birtaniya ta gwada abin sha mai zafi a 2008, masu mura suka ce sun ji sauƙin yoyon hanci, tari da ciwon maƙogwaro nan take. Ɗumin da ruwan su ne ke yin mafi yawan aikin: majina ta saki, maƙogwaro ya jiƙe, jiki ya maido ruwan da ya rasa. Yaji kuma yana sa hanci ya zubo na ɗan lokaci. Mai gyambon ciki ya rage yajin.

Ruwan gishiri

A zuba rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure maƙogwaro a tofar. Ana kuma ɗiga ruwan gishiri a hanci don majina ta yi laushi, musamman ga jariri kafin ya kama nono, tunda ba zai iya tsotso da toshesshen hanci ba. Ruwan da zai shiga hanci dole a tafasa shi ya huce tukuna.

Sirace

Sirace tsohuwar dabara ce. A tafasa ganyen darbejiya, wani lokaci da na mangwaro ko gwaba, a sauke tukunyar, mai mura ya sunkuya a kanta a lulluɓe shi da bargo, yana shaƙar tururi har gumi ya karyo masa. Da yawa suna jin hanci ya buɗe bayan haka, amma bitar da Cochrane ta yi a 2017 ba ta ga tabbacin cewa tururi yana rage cutar ba. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne ƙuna. Yaro a ƙarƙashin bargo ba ya ganin tukunya, motsi ɗaya ya isa tafasasshen ruwa ya kife masa a cinya da ciki. Saboda haka bai kamata a yi wa ƙananan yara sirace ba. Haka man zafi mai kafur: ana shafa shi a ƙirji da wuya ne kawai, ba a cusa shi cikin hanci, ba a ci, kuma ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara biyu.

Bitamin C, zinki da tafarnuwa

Masanin kimiyya Linus Pauling ne ya yayata bitamin C a matsayin maganin mura a 1970. Bitar da Cochrane ta yi a 2013 ta nuna shansa kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa, sai dai ya rage tsawon cutar da kashi 8 cikin ɗari ga manya, 14 ga yara. Fara sha bayan mura ta kama bai nuna wani amfani tabbatacce ba. Lemo da gwaba da garin kuka sun wadatar wajen samun bitamin ɗin. Ƙwayar zinki ta tsotsa tana iya gajarta mura idan an fara da wuri, amma takan kawo tashin zuciya, kuma a 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan zinkin da ake sa wa a hanci saboda wasu sun daina jin ƙamshi. Tafarnuwa kuwa, gwaji ɗaya tak mai mutum 146 bitar Cochrane ta 2014 ta samu da ya cika sharaɗin ingancin bincike, don haka hujjar amfaninta ba ta wadatar ba.

Lokacin zuwa asibiti

Ba duk abin da ya fara kamar mura ne mura ba. Idan yaro yana numfashi da sauri, wato sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, to ana zargin ciwon huhu ne, a kai shi asibiti nan da nan. Haka jaririn da bai kai wata uku ba in ya yi zazzaɓi, da yaron da ya ƙi nono ko ya yi jijjiga. Zazzaɓi mai zafi a yankin da ake fama da cizon sauro yana buƙatar gwajin maleriya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuma alamar sanƙarau ce. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama da gumin dare, a je a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke cikin shirin yaƙi da cutar a Najeriya.