Dokar Hana Fetur Mai Dalma da Makomar Tsofaffin Motoci a Turai

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2000 doka ta hana sayar da fetur mai dalma a gidajen mai na ƙasashen Tarayyar Turai, har da Birtaniya wadda a lokacin take cikin ƙungiyar. Amurka ta riga su tun 1996, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zamo ta ƙarshe a duniya a 2021. Dalilin hanin lafiya ce, domin dalmar da ke fita ta salansa tana shiga jini ta dakushe ƙwaƙwalwar yara. Duk wanda ya tuna ɓarnar da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito, ya san wannan doka tana kan gaskiya.

Man ne dokar ta haramta, tsohuwar mota kuwa tana nan da izinin hawa titi. Ta ma bar ƙofa ƙarama, inda ta yarda ƙasa ta ƙyale a sayar da ɗan fetur mai dalma ga motocin tarihi ta hannun ƙungiyoyin masu su, muddin dalmar ba ta wuce giram 0.15 a kowace lita ba, kuma adadin bai haura kashi 0.5 cikin ɗari na duk man da ake sayarwa ba. A 2009 aka rage kason zuwa 0.03, saboda haka dogaro da wannan ƙofa ba dabara ba ce.

Nauyin gyara ya koma wuyan mai mota. Dalma tana hana inji ƙarar ƙas-ƙas, sannan tana barin wani siririn shafi a mazaunin bawul ɗin da hayaƙi ke fita. A tsohon injin da aka zuba kansa da ƙarfe mai taushi, idan shafin ya ƙare, bawul yakan riƙa cin mazauninsa sannu a hankali, musamman a doguwar tafiya da gudu ko da kaya mai nauyi, har ya nutse ya daina rufewa da kyau, inji ya rasa ƙarfi. Magani mai ɗorewa shi ne bakanike ya sauke kan injin a dasa masa mazaunai masu tauri. Wanda bai kai ga haka ba yakan zuba sinadarin da ke maye gurbin dalma a tanki, irin mai fotasiyam, a kuma ja taimin baya kaɗan.

A ganina abin da ya fi cancantar damuwa yanzu shi ne etanol, wani nau'in barasa da ake gaurayawa da fetur. A Satumban 2021 Ingila da Sikotilan da Wales suka mai da E10, wato fetur mai etanol har kashi 10, ya zama man yau da kullum, aka bar E5, mai etanol har kashi 5, a famfon mai tsada domin motocin da ba su jure sabon. Etanol yana jan ruwa daga iska, tankin motar da ke daɗewa a ajiye ya yi tsatsa. Yana busar da tsohuwar robar mai ta tsattsage, yana kuma lalata kayan cikin kafireta. Robar da ke yoyo kusa da inji mai zafi kuwa gobara ce ke jira.

Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 kan hayaƙin motoci daga 2035 sababbin motoci kaɗai ta shafa. Barazanar tsofaffin ita ce raguwar famfunan fetur idan masu lantarki suka yawaita. Shi ya sa ake sa ido kan man haɗi da ake yi da haidurojin da iskar kabon, irin na masana'antar gwaji da kamfanin motoci na Porsche ya sa hannu a kudancin Chile, wadda aka buɗe a Disamban 2022. Tsohon inji yana iya ƙona shi, amma har yanzu yana da tsada kuma kaɗan ake samarwa.