Finafinan almara da shauƙin masu kallonsu a Bauchi

Finafinan almara su ne finafinan da ake gina labarinsu a kan abin da ba ya faruwa a zahiri, irin su sihiri da aljanu da dodanni da macijin da ke rikiɗa ya koma mutum, da daulolin da babu su a taswirar duniya. A Bauchi wanda ya je shagon turi, wato inda ake tura wa mutum finafinai a waya ko memori, yakan ce ne kawai a sa masa "na tsafi" ko "na yaƙi" ko "na takobi", mai shagon kuma ya gane. Mafi yawansu daga waje suke zuwa, Indiya da Amurka da Ingila da Sin da Koriya, amma suna da masoya sosai a cikin gari da sauran garuruwan jihar irin su Azare da Misau, maza da mata, yara da manya, kuma shauƙin da ake musu ya girmi fim ɗin kansa nesa ba kusa ba.

Asali

Tushen abin tatsuniya ce. Tun kafin a san allon kallo yara ke kewaye kaka ko goggo bayan sallar isha, ta ce "ga ta nan ga ta nanku" su amsa "ta zo mu ji ta", daga nan sai Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Botorami su shigo tsakar gida, yaro ya ji tsoro har ya kasa fita fitsari shi kaɗai, gobe kuma shi ne na farkon zuwa ya zauna. Akan hana yin ta da rana. Abin lura shi ne mai tatsuniyar ba ta ɓoye cewa ƙirƙira ce, tana rufewa da ƙurunƙus ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, kowa ya sani ɗin, kuma wannan bai taɓa rage wa labarin ƙarfi ba. Bayan tatsuniya akwai hikayoyin Larabawa da suka shigo ta hannun malamai da fatake, musamman Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga fassararsa ta Hausa tun wajen shekarun 1920.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, littattafan da suka yi nasara aka fara buga su a 1934. Biyu daga ciki almara ce tsantsa ko kusa da haka. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin mutum ne da ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwan magani har ya kai ga aljanu, Ganɗoki na Bello Kagara kuma ya fara da yaƙi da Turawa ya zarce ƙasashen aljanu. Bauchi na da nata kason a wannan gasa, don Abubakar Tafawa Ɓalewa, lokacin yana malamin makarantar Midil ta Bauchi, shi ya rubuta Shaihu Umar. Wannan ba labarin sihiri ba ne, labarin bauta ne da rabuwa, amma a wajen taɓa zuciya kusan babu kamarsa a cikin littattafan farko: uwa ta bi sawun ɗanta ta ƙetare Sahara, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta sha wuya iri-iri, da ƙyar ta gan shi sai kuma ta rasu ba da jimawa ba. Ɗalibai da yawa a nan suka fara zubar da hawaye a kan mutumin da bai taɓa wanzuwa ba. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, kashi uku, da akunsa mai ba da labari. Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a farkon shekarun 1950, sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo wajen 1969 wanda ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya. Daga baya, zamanin littattafan kasuwar Kano, aka samu abin da ake kira littattafan yaƙi, 'yan sirara masu ci gaba kashi-kashi, cike da sadaukai da bokaye da matsafa da takubban sihiri, Abdul'aziz Sani Madakin Gini na daga cikin sanannun marubutansu. Samari kan yi hayar su a shagon littattafai su karanta a dare ɗaya su mayar, kuma waɗannan samarin su ne dai suka zama gaba-gaba wajen kallon finafinan takobi da suka zo daga baya. Wannan silsila ba a cika ba ta haƙƙinta ba idan ana maganar kallon fim a Arewa, ana yawan farawa ne daga Indiya kamar kafin nan babu komai.

Sinima da finafinan Indiya

'Yan kasuwa Lebanawa ne suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen sinima na Arewa, a wajen shekarun 1950 zuwa 1960. An fi tuna su da soyayya da rawa da waƙa, amma tun farko akwai na almara a ciki, labaran Hatim Tai da na macijiya mai ɗaukar fansar mijinta irin Nagin na 1976. Mai kallo a Bauchi bai jin yaren Hindi amma aljani da boka da rikiɗa ba baƙin abu ba ne a wajensa, shi ya sa bai buƙaci tafinta ba. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa kan wannan alaƙa ta Hausawa da fim ɗin Indiya.

Daga kaset zuwa turi

Da bidiyo ya yaɗu a shekarun 1980 da 1990 kallo ya koma gidajen kallo na unguwa da falon masu hali, inda yaran maƙwabta kan cika ƙofa da taga. Faifan CD da DVD suka zo a shekarun 2000, a daidai lokacin da manyan finafinan almara na Turai ke fitowa: The Lord of the Rings kashi uku daga 2001 zuwa 2003, wanda aka ɗauka a ƙasar New Zealand kuma kashi na ukun ya ci kyautar Oscar 11, da Harry Potter kashi takwas daga 2001 zuwa 2011. Amma waɗanda suka fi shiga unguwanni su ne masu dogon zango da ake sayarwa sizin guda a faifai ɗaya, musamman Merlin na BBC, 2008 zuwa 2012, da Legend of the Seeker, 2008 zuwa 2010, wanda aka tsayar bayan sizin biyu, masu sayar da faifai suka daɗe suna shan tambayar yaushe na uku zai fito. Game of Thrones ya zo daga 2011 zuwa 2019, sizin takwas, ya fi karɓuwa a wajen ɗalibai na unguwannin Yelwa da Gwallameji da ke Bauchi.

Yanzu harkar ta koma waya. A wuraren kasuwanci irin su Wunti da kasuwar Muda Lawal da cikin unguwanni akwai masu turi, yaro ne da kwamfuta da janareta da allon soket na caji, ka miƙa masa waya ko memori ya zuba maka, yana turawa yana ba ka labarin rabin fim ɗin, wani na gefe yana roƙonsa ya yi shiru don bai kai wajen ba. Wanda ya samu kuma sai ya raba wa abokai ta manhajar Xender. Fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda kamfanonin Kano irin su Algaita suka shahara da ita tun wajen farkon shekarun 2010, ita ta buɗe ƙofa ga matan aure da dattawa da duk wanda rubutun Turanci na ƙasan allo ke hana shi jin daɗi.

Yadda shauƙin ke bayyana

Misali mafi girma a 'yan shekarun nan shi ne Baahubali na S. S. Rajamouli, fim ɗin yaren Telugu, kashi na ɗaya ya fito a 2015 ya tsaya a daidai inda amintaccen bawa Kattappa ya soki ubangidansa ta baya, na biyu bai fito ba sai 2017. Kusan shekara biyu ana musu a majalisa da teburin mai shayi kan dalilin wannan cin amana, wasu na rantsuwa sun san amsa. Yara sukan fere kara ko itace su yi takobi, murfin tukunya ya zama garkuwa, a yi ta rigimar waye akta waye bos don babu mai son a kashe shi. Ana liƙa wa mutane sunayen jarumai a matsayin laƙabi, ana manna hotunansu a Keke Napep, ana sa su a hoton WhatsApp da Facebook. Mutuwar Sarki Arthur a ƙarshen Merlin ta sa mutane da dama kuka na gaske, wasu suka ƙi sake kallon efisod ɗin. Ɓacin rai ma wani nau'in shauƙin ne, don da Game of Thrones ya ƙare a 2019 sama da mutum miliyan ɗaya a duniya suka sa hannu a takardar ƙorafi ta intanet suna neman a sake sizin na ƙarshe.

Dalilin tasiri a zuciya

Tambayar tsohuwa ce: ta yaya mutum zai san abu ƙarya ne kuma ya yi masa kuka? Masanin falsafa ɗan Ingila Colin Radford ya tayar da ita a wata maƙala a 1975, har ya ce akwai rashin daidaito a cikin wannan hali na ɗan Adam, masana da yawa ba su yarda da shi ba. Tun a 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka bayyana yadda mai kallo ke ƙulla wata irin abota ta ɓangare ɗaya da wanda yake gani a allo kullum, har ya ji kamar ya san shi. A 2000 kuma Melanie Green da Timothy Brock suka yi bincike kan yadda labari ke ɗauke hankalin mutum kacokan, suka nuna cewa gwargwadon nutsewarsa a ciki gwargwadon yadda labarin ke tasiri a tunaninsa.

Dodon ƙarya ne, amma maraicin jarumin da zaluncin ɗan uba da amanar da aka ci duk abubuwa ne da mai kallo ya sani a gidansu ko a maƙwabta, kuma su yake wa kuka. Matashin da ya gama karatu ya rasa aiki, idan ya ga yaron da aka raina ya zama shi ne mai ceton daula, ba wauta ba ce in zuciyarsa ta motsa, bai kamata a yi masa dariya ba.

Saɓani

Wasu malamai da iyaye na ganin finafinan tsafi suna sauƙaƙa shirka a idon yara, ga ɓata lokaci da fitsarar da ke cikin wasunsu. Wasu na ganin nishaɗi ne kamar tatsuniya muddin an tace abin da yaro zai gani.

Na gida

Kannywood ta taɓa gwada irin wannan, misali Daskin da Riɗi na ƙarshen shekarun 1990 da aka ɗauko daga tatsuniya, da finafinan sarauta da bokaye nan da can. Ba su yi yawa ba, saboda siddabarun kwamfuta da kayan yaƙi da dawakai na cin kuɗin da yawancin furodusoshi ba su da shi.