Yadda homon ɗin paratayirod ke kama makarɓinsa: tambayoyi da amsoshi

Wata ɗalibar aikin lafiya daga wani ƙauye kusa da Ringim ce ta aiko da tambayoyin nan, bayan an yi wa gwaggonta tiyatar maƙoƙo ta dawo gida yatsunta suna ƙagewa.

Malam, me ya haɗa tiyatar maƙoƙo da ƙagewar yatsu?

A bayan tayirod, ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, akwai 'yan ƙulle guda 4 da ake kira paratayirod, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Su ke fitar da homon ɗin PTH, wato sinadari mai kai saƙo a jiki, mai tsare kalsiyam na jini. In wuƙa ta taɓa su, kalsiyam ya yi ƙasa, sai tsikari a leɓe da yatsu, sai ƙagewa. Ki mayar da gwaggo asibiti a auna jininta, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

To yaya homon ɗin ke isar da saƙonsa?

A fatar ƙwayoyin ƙashi da na ƙoda akwai makarɓi, wato wurin da homon ke kamawa ya ba da saƙo, mai suna PTH1R, wanda aka gano a 1991. Shi homon ɗin sarƙa ce ta amino asid (tubalan ginin furotin) 84, amma 34 na farko sun isa aiki.

Littattafai kan ce kwaɗo da mabuɗi, ni kuwa misalin bai gamsar da ni ba, domin kamu biyu ake yi. Ɗauki makarɓin kamar gida mai zaure. Wutsiyar sarƙar, daga ta 15 zuwa ta 34, ita ke fara riƙe zauren da ya leƙo waje. Sai ta riƙe gam, sannan kan sarƙar ya kutsa cikin sashen da ya ratsa fatar ƙwayar sau 7. Shigarsa ke sauya siffar makarɓin, ya tayar da furotin G a ciki, a samar da ɗan aike cAMP. Daga nan ƙashi ya saki kalsiyam, ƙoda ta rage zubar da shi, ta kuma farkar da bitamin D. An ga hoton wannan riƙo filla-filla a 2019.

Akwai wani mai shiga zauren nan?

Akwai ɗan uwansa PTHrP, da aka gano a 1987 a cikin ciwon daji mai ɗaga kalsiyam, ko da yake aikinsa na asali gina ƙashin ɗan tayi ne da harkar nono. A cikin amino asid 13 na farko, 8 iri ɗaya ne da na PTH. Bambancin yana wajen zama: PTHrP yakan yi sallama ya ba da saƙo ya tashi, PTH kuwa yakan manne, har a jawo shi cikin ƙwayar tare da makarɓin yana ci gaba da magana.

Idan PTH yana cin ƙashi, don me ake allurarsa ga masu raunin ƙashi?

Nan ne abin ya fi burge ni. In ya daɗe yana yawa a jini dare da rana, ƙashi yake zaizaya. In kuwa sau ɗaya ya zo a yini ya wuce, masu ginin ƙashi yake zaburarwa. A kan haka aka yi maganin teriparatayid, wato 34 ɗin nan na farko, da Amurka ta amince da shi a 2002, sai abaloparatayid mai kama da PTHrP a 2017.

Wannan ya shafi yaranmu masu bakan ƙafa?

Sau da yawa, e. Yaron da aka yaye a kan koko da tuwo ba nono, kalsiyam ba ya isarsa, PTH ya zauna a sama, ƙoda ta yi ta zubar da fosfet, abokin kalsiyam wajen ginin ƙashi, ƙashi ya ƙi ƙwari ya lanƙwashe. Nono da miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya suna taimakawa, amma ƙafar da ta fara baka sai likita ya gan ta.